Ranar da Na Kai wa Sufeto Sikeli

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka ce za a auna 'ya'yanmu ba. Ko na so in manta ma mutanen garinmu ba za su bar ni ba, don har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba sai Malam Sikeli.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Kudan da Makarfi, noman dawa da rake da auduga muka sani. Ni kuwa ban da noma ina da sana'ar kaka: ni ne mai rataya buhu a sikeli a kasuwar auduga. Hannuna ya saba har in na ɗaga buhu nakan faɗi nauyinsa kafin allura ta tsaya, in kuma an cusa dutse a ciki don ya ƙara nauyi, ni ke tsamo shi in ɗaga wa jama'a su gani. Ga shi na yi ajin Yaƙi da Jahilci har an ba ni satifiket, kullum da fensir a bayan kunnena ko da gona za ni. Saboda haka duk abin da ya shafi boko a garinmu ni ake tambaya, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ban sani ba. (Ka riƙe wannan hali nawa, shi ne mafarin komai.)

Makarantarmu ta En'e aji huɗu ce kawai. Yaro in ya gama, sai dai ya tafi Makarfi ya zauna a hannun wasu ya ci gaba, ko kuma ya rungumi fartanya. 'Yata Talatu tana aji huɗu a shekarar. Siririya ce kamar sillen kara, abinci bai dame ta ba, amma duk rubutun da ta gani, ko a jikin buhun gishiri ne, sai ta karanta shi. Uwarta Dije ta riga ta gaya min a fili cewa 'yarta ba za ta je zaman gidan wani a Makarfi ba, ni ma a raina ban ga laifinta ba. Amma ina son yarinyar nan ta ci gaba da karatu, so mai tsanani, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ana nan sai aka aiko cewa sufeton makarantu zai yi taro a Makarfi, kowace makaranta ta zo da hedimasta da wakilin iyaye guda. Wa za a tura in ba ni ba? Na sa babbar riga, na hau sabon kekena wanda ko leda ban gama cire masa ba, na isa. Malamai suka zauna a gaba, mu iyaye a baya. Ni na zaɓi bakin taga, ba don iska ba, don in riƙa ganin kekena da na jingine a gindin bishiyar bedi. Duk wanda ya gifta kusa da shi sai gabana ya faɗi. (Ashe na sa masa kwaɗo tun da na sauka, mabuɗin yana aljihuna. Sai da za mu tashi na tuna.)

To ka ga jawabin Sufeto a gutsuttsure ya shiga kunnena. Na ji ya ce, "Awo ɗaya za a yi wa kowane yaro ɗan aji huɗu, daga Ikara har Kudan har ƙarshen Jihar Arewa, rana ɗaya, ma'auni ɗaya." Sai wani mai tallan rake ya tsaya yana shafa sirdin kekena, na leƙa na harare shi. Da hankalina ya dawo sai na ji, "Makarantar da yaranta suka kai ma'auni, za a ƙara mata aji biyar. Wadda ba ta kai ba, sai dai haƙuri." Nan na gyara zama, don Talatu ta faɗo min a rai. Wata akuya kuma ta zo tana shinshinar taya. Abin da na tsinta a ƙarshe shi ne, "Ku iyaye, nauyin yaran nan a wuyanku yake. Ku tabbatar sun ci."

Awo, ma'auni, nauyi, sannan a tabbatar sun ci. Don Allah mutumin da ya yi shekaru a gindin sikeli me kake so ya fahimta?

A hanyar dawowa hedimastanmu, Malam Iro, mutum mai haƙuri da ƙaramar murya, ya tambaye ni, "Ka dai ji bayanin da kyau ko?"

Na ce, "Malam, har abin da bai faɗa ba na ji."

Ya ce, "Alhamdulillahi. To kai za ka yi wa iyaye bayani, sun fi jin maganarka. Ni zan ji da yaran a aji."

Washegari bayan la'asar na tara magidanta a ƙofar gidan Mai Unguwa Tanko. Na cire fensir daga kunne na riƙe a hannu don maganar ta yi kwarjini. Na ce gwamnati za ta aiko a ɗora 'ya'yanmu a sikeli ɗaya bayan ɗaya, a haɗa nauyinsu, in ya kai yadda ake so a ba mu aji biyar, in bai kai ba shi ke nan.

Mai Unguwa ya shafa gemu, sannan ya ce, "To ni abin da ban gane ba, ina ruwan karatu da nauyin yaro?"

Tambaya ce mai kyau, kuma da ina da hankali da a nan na tsaya. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, yaron da ba shi da jiki a ina zai zuba ilimin aji biyar? Kuma Turawa sun tafi, ƙasa ta dawo hannunmu, ana so a ga ko muna iya ciyar da 'ya'yanmu." Jama'a suka gyaɗa kai. Har ni kaina bayanin ya burge ni. Na ƙara da cewa kada kowa ya tayar da zancen a gaban malamai, don ba a taɓa ganin mai auduga ya je yana gaya wa mai awo yadda ya shirya buhunsa ba. Wannan ma kowa ya gane shi nan take.

Abin da ya biyo baya, yaran garinmu na wancan zamani har yau suna ba jikokinsu labari. Ɗan aji huɗu ya zama ɗan gata. Da safe ɗumame da man shanu, kafin ya fita a ɗura masa koko da ƙosai, a cusa masa ƙuli-ƙuli da mazarƙwaila a aljihu. Ya dawo ya tarar da fura da nono, har matan rugar da ke bayan gari suka fara tambaya ko biki ake yi ba a gaya musu ba. Kaji suka fara ƙaranci a gari. 'Yan aji uku suna kuka suna cewa a kai su aji huɗu. Yara kuwa in sun hango ni tun daga nesa suke durƙusawa, ba a taɓa gaishe ni da ladabi irin na lokacin ba.

Wata rana na haɗu da Malam Iro a bakin rijiya. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya shirin namu? Ina fata iyaye suna taimakawa a gida. Ni dai addu'ata Allah ya sa yaran nan su ci."

Na ce, "Suna ci, Malam. Wallahi suna ci."

Ya ce, "Allah ya sa. Sai dai kwanan nan wani irin barci suke yi a aji, ban san dalili ba."

Na ce, "Alamar lafiya ce."

Ya dube ni kamar zai ƙara magana, sai ya ɗauki butarsa ya wuce.

Matsalata ɗaya ce, kuma a cikin gidana take. 'Ya'yan kowa suna kumatu, Talatu tana nan yadda take. Kowace safiya sai in kama ta ta hammata in ɗaga sama in ji, kamar yadda nake yi wa buhu, in sauke ta raina a ɓace. Na sayo mata tsire, ta ci yanka biyu ta miƙa wa ƙanenta. Na zauna a kanta da kwanon tuwo, ta yi loma kaɗan ta ce ta ƙoshi, ta jawo littafinta. Tsoro ya kama ni sosai, kada a ce 'yar wakilin iyaye ce ta jawo wa gari asarar aji biyar, ita da ta fi kowa bukatarsa.

Ta yi ƙoƙarin gaya min, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ja min hannun riga ta ce, "Baba, jarrabawa ce fa. Malam ya ce lissafi za mu yi da karatu, a takarda."

Na ce, "Takardar ta rubuta nauyi ce. Ke kin je taron Makarfi?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "To ci tuwo."

Dije ma ta tambaye ni sau ɗaya tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba: "Malam, ka tabbata ka ji zancen nan daidai?" Na nuna mata satifiket ɗina da ke rataye a bango. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da mata ke yi in sun bar ka da halinka.

Ana gobe awo na gangara rafi. Ni ɗin nan da nake tsamo duwatsu daga buhunan mutane ina yi musu wa'azin tsoron Allah, na tsuguna ina zaɓen duwatsu masu sulɓi waɗanda ba za su ji wa yarinya ciwo ba. Da safe na ƙulle su a wani tsohon ɗankwali na ɗaura mata a ƙugu, ta ɗora zane a kai. Idonta ya ciko da hawaye, amma abin da ta ce kawai shi ne, "To, Baba." Na kuma raɗa wa iyayen sauran sirara wannan dabara, don ni ba mai rowar ilimi ba ne.

Ranar kuwa an yi wa yara ɗurin da ya fi na kullum. Na ga wata tsohuwa ta biyo jikanta har ƙofar makaranta da ƙwaryar fura tana cewa ya ƙara kurɓa ɗaya saboda gari. Yara suka shiga aji a hankali, wasu suna tafiya suna buɗa ƙafa. Mu iyaye muka yi cincirindo a gindin mangwaron makaranta, Mai Unguwa a kan kujerarsa, ni a tsaye kusa da shi ina amsa tambayoyi.

Sufeto ya iso a kan babur. Na duba bayan babur ɗin, ban ga komai ba sai jakar fata. Na ce wa jama'a sikelin yana tafe a mota. Aka shiga aji, aka rufe ƙofa, shiru babu mota. Mai Unguwa ya dube ni ya ce, "Ina ma'aunin?"

Nan wani tunani ya zo min, wanda a lokacin na ɗauka daga Allah ne. Na ce bawan Allah nan mantowa ya yi, kuma kunya ta hana shi faɗa. In na fitar da shi daga wannan kunya, ai ko allura ta ɗan yi gardama zai duba mu da idon rahama. Na haye keke na nufi rumfar auduga, na kwance tsohon sikelinmu mai ƙugiya da sandunansa uku, na ɗaure a bayan keke, na dawo ina gumi sanduna suna jan ƙasa. Jama'a suka buɗa min hanya. Wani ma ya ce, "Allah ya bar mana kai."

Na yi sallama na tura ƙofar aji da kafaɗa. Abin da na fara gani, yara ne zaune a kan benci, kowa da takarda da fensir a gabansa, kusan rabinsu sun kifa kai suna barci, ɗan Mai Unguwa har da minshari. Malam Iro yana bi yana taɓa su ɗaya-ɗaya, fuskarsa kamar zai yi kuka. Wannan bai sa na farga ba. Na dire sikeli a tsakiyar aji, ƙarfe ya yi ƙara, masu barci suka zabura.

Sufeto ya sauke tabarau ya ce, "Malam, lafiya?"

Na durƙusa na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Na ga hanya ta sa an manto ma'auni, shi ne na ce kada aikin gwamnati ya tsaya. Tsoho ne amma ba ya cuta."

Ya ce, "Me za a auna?"

Na ce, "Yaran, ranka ya daɗe. Yadda ka ce a Makarfi. Kuma maganar da ka yi cewa a tabbatar sun ci, wallahi ba mu yi wasa da ita ba. Ka dube su da kanka, tun da aka kafa garin nan yara ba su taɓa ci irin wannan ba."

Malam Iro ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Iyaye sun cika tagogi suna jiran a fara rataya yara. Sai Talatu ta miƙe daga bencin gaba, ina jin so take ta zo ta ja ni waje, ɗaurin ɗankwalin nan ya kwance. Duwatsu suka zubo a daɓen siminti, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya kamar ba za su ƙare ba. Guda ya gangara a hankali har ya tsaya a jikin takalmin Sufeto.

Ya sunkuya ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya ce, "'Yammata, wannan fa?"

Kanta a ƙasa ta ce, "Baba ne ya ce ban kai nauyi ba."

Ban taɓa ganin babban ma'aikaci ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya nemi ya daure, ya kasa, ya zauna a kan bencin yara yana share hawaye da hannun riga. Da ya samu numfashi sai ya fita ƙofa ya yi wa iyaye bayani da Hausa mai sauƙi: abin da ke cikin kan yaro za a auna, da tambayoyi a takarda, cin da ake nufi kuma cin jarrabawa ne. Duk idon da ke wurin ya juyo kaina. Ina durƙushe kusa da sikelina, na rasa inda zan sa fuskata. Mai Unguwa bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, zakaruna da na yanka wa yaro fa?"

Amma kunyar ba ita ta fi ci min rai ba. Na ji Sufeto yana gaya wa Malam Iro cewa ba shi da ikon ɗaga jarrabawar, don rana ɗaya ake yin ta ko'ina, kuma an riga an buɗe takardu. Na dubi yaran nan da idanunsu ke lumshewa, na dubi Talatu tana tsintar duwatsu tana kuka ba sauti, sai na gane cewa aji biyar ɗin da nake ta haƙilo a kansa, mai yiwuwa da hannuna na rushe shi. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Allah ya yi Sufeto mutumin kirki ne. Ya duba agogonsa ya ce zai mayar musu da lokacin da sikelina ya ci. Ya sa aka fito da yara, ya ce duk mai dutse a jiki ya ajiye a bakin ƙofa (tarin da aka yi ya isa a kafa murhu da yawa), sannan su zaga makaranta da gudu. Ni kuma ya ce tunda ina son taimakon aikin gwamnati, in ɗauki guga. Haka na tsaya da babbar rigata ina jan ruwa ina wanke wa 'yan aji huɗu fuska ɗaya bayan ɗaya, iyayensu suna kallo. Da aka zo kan Talatu na zuba mata ruwa a tafin hannu, na ce a hankali, "Ki yi haƙuri." Ta wanke fuska ta koma aji.

Makonnin da aka yi ana jiran sakamako ban zauna a majalisa ba. Daga gida sai gona, sai masallaci a sahun baya. Yara kuwa da aka koma ba su tuwo da miyar kuka kamar da, suka daina durƙusa min, sai dai in ji daga bayan danga, "Malam Sikeli, zo ka auna ni." Dije ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba. Sai dai ranar da na nemi satifiket ɗina a bango na rasa, na same shi an rufe tulu da shi.

Wata yamma Malam Iro ya yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na tarbe shi. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gona, ya tambayi iyali, har ya tambayi keke, ina jin da gangan. Sannan ya ce, "Mun kai. Da ƙyar, amma mun kai. Za a ba mu aji biyar." Ya ce Talatu ce ta ɗaya a makarantarmu, kuma makinta ne ya ja sauran. Ya ɗan yi murmushi ya ƙara da cewa, "Ita kaɗai ce ba ta yi gyangyaɗi ba, ka san ba ta da ci." Na zauna a dakalin ƙofa na yi hamdala, hawaye suka zubo min a gaban mutum, ban kuma damu ba. Da aka zo ginin ajin, babu wanda ya kai ni ɗaukar ƙasa.

Talatu ta yi aji biyar a garinmu, aka yi ta ƙara azuzuwa tana bi, har daga baya uwarta da kanta ta raka ta makarantar koyon aikin jinya. Bayan shekaru na kai mata ziyara a ƙaramin asibitin da take aiki a Ikara. Na tarar da mata sun yi layi da goyo, ranar awo ce. Ina shiga na ga sikeli mai ƙugiya rataye, jariri yana lilo a ciki, 'yata tana duba allura tana rubutawa. Ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta ce a gaban matan nan duka, "Baba, ka zo a daidai, riƙe min wannan. Amma a fara laluba zanin goyon, akwai garin da ake sa duwatsu."

Na riƙe mata, me zan ce? Abin da na koya dai shi ne, in babba ya yi magana ban gane ba, yanzu nakan ce a maimaita min, ko da za a ce tsufa ne. In kuma yaro ya ja min hannun riga ya ce, "Baba, ba haka ba ne," to nakan cire fensir daga bayan kunne in zauna in saurara, don na taɓa ɗaga yarinya sama kullum ina neman nauyinta, ban san a ka yake ba.